Sunan da Baba Bai Taɓa Kira Ba

Wahala na sha, ba kaɗan ba, kuma ban ga abin ɓoyewa a ciki ba. Hannuwana duk tabon wuta ne, bayana ya sankare tun ban kai shekarun sankarewa ba, idona na hagu kuma hayaƙin gawayi ya cinye rabinsa. Amma ba don ku ji tausayina na zauna rubuta wannan ba. Na ji maganar da ke yawo a tsakaninku, wai kakanku bai ƙaunace ni ba, wai shi ya miƙa ni ga Nasara da hannunsa don ya huta da ni. Ban san wanda ya fara gaya muku ba, ina dai zaton dangin uwarku ne. Bokon da na yi ba shi da yawa, rubutuna a karkace yake, amma zan faɗi yadda abin ya faru. In kun ga dama ku riƙe.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tsakanin Buza da Dewule. Mu maƙera ne kaka da kakanni. Kowane gida a garin ya san maƙerinsa: kafin damina a kawo mana hauya da kwasa da gatari mu gyara, bayan kaka a kawo mana dammunan gero. A wancan zamani ba a sayen ƙarfe a kasuwa yadda kuke gani yanzu. Daga dutse ake ciro shi. Akwai wani jan dutse mai nauyi, tama, shi ake haƙowa a farfasa, a gina masa dogon murhu na laka, a jera shi da gawayin ƙirya a hura wuta, har ƙarfe ya taru a ƙasa. Ba kowace shekara ake yi ba, sai ƙarfen hannu ya ƙare. Ba kowane maƙeri ya iya ba kuma. A yankinmu duka Baba ne ya san wane dutse ke da ƙarfe, wane ne banza, ya san yadda ake sauraron wuta. Daga ubansa ya karɓa, kuma babban ɗa ake ba wa.

Ni ne babban ɗan. Ni ne ɗan fari, ga shi kuma sunan kakana Amadu aka sa mini. Kun ga kunya ta zama biyu. Baba ba ya kiran sunana don ni ɗan farinsa ne, ba ya kira kuma don sunan ubansa ne. Inna ko kallona ba ta cika yi ba in da mutane. Kaka kuwa, uwar Baba, sunan mijinta ne, sai ta mai da ni mijin. Gida guda cike da mutane, babu mai cewa Amadu sai ƙanena Sale da yaran waje. A wurin Baba ni "wancan" ne. Muna zaune a maƙera, gwiwata tana kusan taɓa tasa, ina zuga, sai ya juya ga Sale.

"Sale, ka ce ma wancan zuga ta yi yawa, za shi ƙone mini ƙarhe."

Sale ya juyo da dariya a bakinsa ya ce, "Wancan, an ce zuga ta yi yawa."

Haka na koyi ƙira, ta bakin ƙanena. Yabo kuwa ban taɓa ji ba, amma na san inda yake. In na gama hauya, Baba zai ɗauka ya juya ta, ya ƙwanƙwasa. In ba ta yi ba, ya mayar da ita wuta bai ce komai ba. In ta yi, ya jefa ta cikin tarin nasa. Shekarar da gemu ya fara tsiro mini, babu hauyata ko ɗaya da ta koma wuta. A ranin nan ne na ji yana gaya wa Sale, da ƙarfi yadda zan ji, cewa bana za a dafa tama, kuma wancan zai bi shi dutse. Na kwana biyu ina tafiya kamar ƙasa ba ta taɓa ƙafata.

Muna cikin saran ƙirya wani Nasara ya zo. Ba kumandan mai mulkin yankin ba ne, wani ne daga masu kula da lekol, wato makarantar boko, siriri, mai yawan share gumi. Yana tafe da gardi guda, wato dogarin Nasara, da tafinta. Ƙauye ƙauye yake bi yana tambayar maƙera da dukawa da magina: da me kuke aiki, wa ya koya muku, shekara nawa yaro ke yi kafin ya iya. An ce manyansu sun yanke shawara a buɗe wurin koyon sana'a kusa da lekol ta Madawa, don 'ya'yan talakawa su koyi aikin hannu irin na Nasara, shi kuma aka aiko ya binciko yadda za a tsara abin da waɗanda za a ɗauka. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa. Ya tsuguna a maƙerarmu har wandonsa ya yi baƙi, ya taɓa zugazugi, ya ɗaga masaba ya ji nauyinta. Tafintan ne baƙo, mutumin can kudu bakin teku, Hausarsa ta kasuwa ce. Kalma yake ji, ba ya jin abin da ke bayanta.

Mai gari yana nan, dattawa suna nan, rabin gari ya taru a bakin rumfa. Nasara ya nuna ni da Sale, ya yi magana, tafinta ya juya.

"Ya ce cikin yaran nan biyu, wane ya fi iya aiki? Wane ne ba za ka iya rabuwa da shi ba?"

Ku da kanku ku auna. A gaban gari, a ce wa mutum irin Baba ya buɗe baki ya yabi ɗan farinsa. Baba ya dubi ƙasa, ya tsokaci gawayi da awartaki.

"Ƙaramin shina ƙoƙari," ya ce. "Wancan babban kuwa, cin tuwo kaɗai ya iya."

Aka yi dariya. Dattawa suka yi, ni ma na sunkuyar da kai ina murmushi, don kowa a wurin ya san abin da aka faɗa. Da ya ce ƙaramin ne bai iya ba, da zagi ne. Wannan kuwa, a bakin uba, babu yabon da ya fi shi. Tafinta ya kwashe maganar yadda take ya zuba wa Nasara. Nasara ya dube ni da tausayi, ya gyaɗa kai, ya yi doguwar magana.

"Ya ce ba ya son ya raba tsoho da mai taimakonsa. A bar maka ƙaramin. Babban da ba ka buƙata shi za a tafi da shi Madawa, a mai da shi mutum."

Dariya ta ɗauke. Kalma guda ta isa. Da Baba ya ce a'a, shi nake buƙata, da shi ke nan. Mai gari ya san gaskiya, amma an ce masa dole garinsa ya ba da yaro guda, kuma in ba ɗan maƙeri ba, to ɗan wani ne, wataƙila nasa. Ya kau da kai. Dattawa ma haka. Ni kuma ɗa ba ya gyara maganar ubansa a gaban mutane. Baba ya ci gaba da tsokanar gawayi har baƙin suka hau dawakinsu.

A gida Kaka ce kaɗai ta yi magana. Baba ba ɗan farinta ba ne, don haka bakinta a sake yake a kansa.

"Alu, mi ka yi haka? An tambaye ka, ka ba da mijina kyauta kamar tsohon takalmi?"

"Inna, mi zan ce? Gari duka na tsaye."

"Gari za shi bi ka dutse? Gari za shi riƙe maka masaba in hannunka ya mutu? Tashi ka bi su ka ce ka yi kuskure."

"An riga an rubuta."

"Kunyarku ta maza ta fi ta amare," in ji ta. Ta juyo kaina. "Kai kuma maigida, kana tsaye kamar turmi. Za ka tahi birni ka auro mai jan baki ka manta da ni, na sani."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, tana ta tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu.

Ranar da gardi ya dawo ɗaukata, na je maƙera sallama. Baba bai ɗago ba. Ya tura wani awartaki da ƙafa zuwa wajen Sale.

"Ka ce ma wancan shi ɗauke wanga, ya tsufa, wuri kawai yake tare mini."

Awartakin da yake aiki da shi kullum ne. Na ɗauka na tafi.

A Madawa aka haɗa mu da yara daga Azarori da Kaita da wasu garuruwa, aka damƙa mu ga wani malamin ƙira, Bambara daga can yamma, muna ce masa Metir. Da safe a koya mana ƙidaya da ɗan karatu, sauran yini muna atiliye, wato maƙerar makarantar. Ba zan ce ban koyi komai ba. Na koyi awo, na koyi magagari, na koyi huda ƙarfe da yanka shi daidai, na iya ƙarafan ƙofa da ƙafar amalanke da garmar shanu wadda Nasara suke so manoma su karɓa. Abincin da kuka ci kuka girma, rabinsa daga wannan ya fito. Amma ƙarfen a shirye yake zuwa, sanda sanda, daga ƙasarsu. Babu wanda ya taɓa tambayar daga ina ƙarfe ke fitowa. Wanda ya tsara karatun ya ga hannun maƙera, ya ga kayan aikinsu, bai ga dutse ba, don ba a lokacin dafa tama ya zo ba.

Abin da ya fi cina ba aikin ba ne. Gardin da ya kawo ni ya ba da labari, yara suka sa mini suna Ci-tuwo. Wata rana Nasaran nan ya zo duba atiliye da wasu manyansa, ya gane ni, ya dafa kafaɗata, ya ɗaga ƙarfen ƙofar da na yi yana nuna musu. Metir ya ce mini yana gaya musu ne wannan yaron ubansa ya ce ba shi da amfani, ga abin da koyarwa ta mai da shi. Suka yi ta gyaɗa kai. A gida na san maganar Baba kunya ce, ko shakka ban yi. Amma magana in ta yi nisa da inda aka faɗe ta, sai ta canja kama. Kana jin ta kullum a bakin baƙi, ba dariyar dattawa a bayanta, sai ka fara cewa to, ko dai da gaske yake? Da yana so na, da bai bari ba. In na ji ƙarar masaba daga maƙerar cikin gari da la'asar, sai in tsaya in kasa tafiya. Warin gawayin ƙirya ma ya isa ya ɓata mini yini. Ina kewar rumfar nan tamu mai yoyo, ina kewar a ce mini wancan.

Da sallah akan bar mu mu je gida. Wata sallar na tarar an dafa tama ba ni. Sale ne ya bi Baba dutse, shi kuma Sale hankalinsa na kan jakai da fatauci, ya ce mini shi duk duwatsun ja yake ganinsu. Na kawo wa Baba ƙarfen ƙofa mafi kyau da na yi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ina jira in ga ko zai jefa shi cikin tarin nasa. Ya miƙa wa Sale.

"A sa ma ƙofar awaki."

Na koma Madawa da wannan a ƙirjina. Shekaru suka wuce a haka. Na daina ɗokin sallah.

Sai babban yaƙin Nasara ya zo, hanya ta toshe, ƙarfe ya daina zuwa. A atiliye muka koma miƙe tsofaffin ƙusoshi. Man mota ma babu, kamiyo, babbar motar kaya, da gawayi yake tafiya, aka mai da mu masu ƙona gawayi da gyaran tukunyarsa. Metir ya ce mu yi haƙuri, ƙarshen shekarar za a ba manyanmu takardar gama koyo. Mai wannan takarda ma'aikacin gwamnati ne, ba a kama shi aikin dole, ba a taɓa shi. Duk wanda ya san zamanin nan ya san abin da wannan ke nufi.

Ana cikin bazara, zafi kamar zai tsaga kai, wata mata mai sayar da tabarmi ta neme ni ranar kasuwa. Daga garinmu take.

"Kai ne mijin tsohuwa? Ta ce in gaya maka ɗanka Alu za shi dafa tama, ƙarhe ya ƙare ma gari. Ta ce kuma ƙirjinsa ba lahiya, tari yake. Ta ce in kana da wata matar a nan, to ka zamna."

Na je wurin Metir na roƙi izini. Ya ce kamiyo uku na jiran gyara, kumandan ba zai yarda ba. Mutumin kirki ne, ya ja ni gefe.

"Amadu, saura kaɗan. In ka fita ƙofar nan ba izini, takarda ta tafi, gardi kuma zai bi ka. Uban da ya ce ba ka da amfani, don shi za ka zubar da shekarunka?"

Baba bai aiko a kira ni ba. Wataƙila in je in tarar an gama, ko ya ce wa Sale wa ya kira wancan. Da na yi sallar asuba na ɗauki awartakina na kama hanya.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya tun yanzu, kada ku ɗauka labarin daɗi ne. Takarda ban samu ba. Bayan shuka gardi ya zo ya tafi da ni, na yi aikin hanya ina fasa dutse har bayana ya lalace. Abokaina na atiliye sun zama ma'aikata, wasu yanzu suna da gidan siminti. Ilimin tama kuma ba a dafuwa ɗaya ake ɗaukarsa ba, shekaru yake so, Baba kuwa bai ga wata bazarar ba. Da yaƙi ya ƙare, ƙarfen tsofaffin motoci ya cika kasuwa, babu wanda ya sake gina murhu. Abin da kakanninmu suka riƙe, a hannuna ya tsinke. Na tashi ba ni da takardar Nasara, ba ni da ilimin ubana. Yanzu ma na ji mutanen gwamnati suna yawo suna tambayar masu sana'a yadda za a koya wa yara aiki. Da kyau. In sun zo wurina zan ce musu su zauna su daɗe, su zo da wanda ya san mutanen, kada su rubuta amsar farko.

Na isa gari da la'asar ta kashegari, ƙafafuna sun kumbura. Hadari ya fara leƙowa daga gabas. A bayan gari na ga murhun tsaye, an gina shi, lakar ta bushe har ta fara tsagewa, gawayi a tare kamar rumbu, tama a farfashe. Ba a hura ba. Sale na zaune a inuwarsa, da ya gan ni ya miƙe.

"Wancan! Wallahi ka cece mu. Tun watan jiya komai ya kammala. Kullum manoma na bakin ƙofa, damina ta zo ba hauya, mai gari ya aiko har ya gaji. Kullum Baba da abin da zai ce. Yau iska ba ta yi ba. Gobe laka ba ta bushe ba. Shekaranjiya cewa ya yi gawayin ya cika baƙi. Gawayi fa!"

"Mi yake jira?"

Sale ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Kullum da la'asar sai shi ce za shi duba iska. Nan yake tsayawa, shina kallon hanyar Madawa. Gari duka ya sani. Wa za shi hwaɗa?"

Muka shiga gida. Kaka ta fara guɗa daga ɗakinta tana cewa ango ya dawo ba ko tsarabar goro. Inna ta ajiye mini ruwa ta wuce ba ta dube ni ba. A hanyar maƙera na bi ta garken awaki. Ƙofar da igiya aka ɗaure ta, kamar kullum. Ƙarfen da na kawo yana maƙera, a rataye a jikin ginshiƙi, daidai inda nake zama in ina zuga, an shafe shi da mai, ko tsatsa babu.

Baba yana zaune. Ya rame ƙwarai, wuyansa kamar kara. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa ƙasa. Na ajiye awartakin a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya yi tari mai tsawo, ya share baki, sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfa, inda ko tsinke ba ya motsi.

"Sale," ya ce, "iska ta gyaru. Gobe a hura wuta. Ka ce ma wancan shi kwanta da wuri. Tamar ba ta isa ba, akwai dutsen da zan nuna mishi kahin rana ta yi zahi."

Tama tana nan tari guda, ta ishi murhu biyu.

Har Allah ya karɓi ransa bai kira sunana ba, ko sau ɗaya, kuma har yau in ina aiki ni kaɗai nakan ji kamar za a ce wancan daga bayana. To, ga kakanku, wanda aka ce muku bai ƙaunace ni ba. Kai kuma babban cikinku, da kake cewa ban taɓa yaba maka ba, ka karanta wannan da kyau. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Ran nan dai, da gari ya waye na yi salla, na ɗaure ƙafafuna da tsumma, na ɗauki kwando da diga. Baba yana gaba da sandarsa, yana tafiya yana hutawa. Na bi shi a baya muka hau dutse.